Maradi zuwa Katsina minti 25 ne a ƙaramin jirgi, amma akwai layukan da ido ba ya gani

A daren Lahadi 6 ga watan Agustan 2023, mutanen Tsibiri da suka shimfiɗa tabarma a waje saboda zafi ba su ga wani sauyi a sama ba. Taurari na nan yadda suke. Amma a wannan dare ne majalisar CNSP ta sanar ta bakin Kanal-Manjo Amadou Abdramane cewa an rufe sararin samaniyar Nijar, tare da gargaɗin mayar da martani nan take ga duk jirgin da ya keta.

Jiragen da suka taso daga Afirka ta Kudu suka nufi Turai, wasu suka juya, wasu suka yi zagaye ta gabar tekun yamma. Dama Sudan a rufe take tun barkewar yaƙi a watan Afrilu, Libiya kuma kamfanoni da yawa na gudunta. Zagayen ya ƙara wa wasu jirage kilomita 1,000 ko fiye.

Sai ranar 4 ga Satumba aka buɗe wa jiragen kasuwanci hanya, aka ce jiragen soja da sauran jirage na musamman sai sun nemi izini tukuna. Kafin ƙarshen watan aka ƙara wani sharaɗi: ban da jiragen Faransa, har da na kamfanin Air France.

Babu shingen jandarma a sama, babu igiya da durom irin na hanyar Ɗan Isa. Duk abin a rubuce yake, a kan taswira da kuma cikin 'yan gajerun sanarwoyi. Wanda zai tuƙa ƙaramin jirgi, ko ɗan ƙasar waje da ke son ɗauko hayar jirgi domin kai mahaifinsa asibiti a Kano, ko ɗan kasuwar da ya gaji da hanya, to ya kamata ya san abin da waɗannan layuka ke cewa. Mu ɗauki tafiya mafi sauƙi: daga Maradi zuwa Katsina.

Santimita 16 a kan takarda

Tsakanin filin jirgin Maradi da filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina kusan kilomita 80 ne a miƙe. Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172, mai gudun kimanin kilomita 200 a awa, zai cinye wannan a minti 25.

Taswirar da masu tuƙi da ido suka fi so ita ce mai ma'aunin 1:500,000, wato kowane santimita ɗaya a takarda kilomita biyar ne a ƙasa. Tafiyar duka santimita 16 ce, ba ta kai tsawon biro da murfinsa biyu ba. Tsibiri a arewa maso yamma, Jiratawa a kudu, kowace kilomita goma da 'yan kai daga filin, wato ɗan yatsa biyu a taswira, minti uku zuwa huɗu a sama.

Abu na farko da zai ruɗa baƙo shi ne ba zai ga sunan gari kawai ba, zai ga haruffa huɗu. Maradi DRRM, Yamai DRRN, Damagaram DRZR, Agadas DRZA. Katsina DNKT, Kano DNKN. Haruffa biyun farko su ne ƙasa: DR Nijar, DN Najeriya. A riƙe wannan, zai dawo.

Abu na biyu shi ne wani dogon layi da ya ratsa takardar a kudu da Madarunfa, kusa da iyaka. A gefe ɗaya an rubuta FIR Yamai, a ɗaya gefen FIR Kano. FIR yanki ne na sama da wata cibiya ɗaya ke da alhakin ba jirage bayanai da kuma tayar da ƙararrawa in jirgi ya ɓace. Na Yamai yana hannun ASECNA, hukumar da aka kafa a Saint-Louis ta Senegal a Disamban 1959, mai hedikwata a Dakar. Na Kano yana hannun hukumar NAMA ta Najeriya.

A nan mutane da yawa ke kuskure. FIR ba shi ne ƙasa ba. Yankin Yamai ya haɗa da samaniyar Burkina Faso da gabashin Mali, yayin da gabashin Nijar yake ƙarƙashin yankin Njamena. Shi ya sa rufewar 2023 ta shafi samaniyar da ke bisa ƙasar Nijar ne, ba dukkan yankin da cibiyar Yamai ke kula da shi ba. Ma'aikacin da ke magana da matuƙi ta rediyo aikin fasaha yake yi. Ikon cewa "shigo" ko "kada ka shigo" na gwamnati ne, kuma sashe na farko na yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO, shi ya ba kowace ƙasa cikakken iko a kan samaniyarta.

Sama hawa-hawa ce

Taswira shimfiɗaɗɗiya ce, sama kuwa tana da bene. Kowane layi da aka zana yana da ƙasa da rufi, kuma ana rubuta su kamar lissafin kaso: lamba a sama, gajeren layi, lamba a ƙasa.

A kewayen filin jirgi mai hasumiyar kula da zirga-zirga ana zana da'ira da ake kira CTR. Tana farawa daga doron ƙasa, kuma ƙa'idar ICAO ta ce ba za ta gaza mil biyar na teku ba, kilomita 9.3 ke nan, ta ɓangarorin da jirage ke shigowa. A bisanta akwai TMA, wadda ta fi faɗi amma ba ta taɓa ƙasa. Mai karatu ya ɗauko hoton malafa a kan tulu: tulun shi ne CTR, malafar ita ce TMA. Ƙaramin jirgi na iya wucewa ta ƙarƙashin gefen malafar ba tare da ya shiga ba, muddin matuƙin ya san daidai tsayin da gefen yake.

To a nan ne lambobi ke cizo. GND ko SFC na nufin doron ƙasa. UNL na nufin babu rufi. Idan aka rubuta lamba da AMSL, daga matakin teku aka auna. Idan AGL ce, daga ƙasar da ke ƙarƙashinka. Filin Maradi na da tudun kimanin ƙafa 1,240 sama da teku. Saboda haka layin da aka ce yana farawa a ƙafa 3,000 AMSL, a bisa rufin gidajen Maradi ƙafa 1,760 ne kawai. Wanda ya karanta shi a matsayin AGL ya riga ya kutsa da fiye da ƙafa dubu bai sani ba.

Sai na uku, FL. FL055 na nufin ƙafa 5,500 idan an saita na'urar auna tsayi a kan 1013.2, lambar da kowa ke amfani da ita a sama domin ma'aunin jirage ya zo ɗaya. A kusa da ƙasa kuma ana saita ta a kan nauyin iskar wurin, wanda hasumiya ke bayarwa da sunan QNH. Bambancin lamba biyar tsakanin biyun ya kai kusan ƙafa 150. Kaɗan ne a ido, amma ya isa ya tsallakar da jirgi layi.

Kowane ɗaki a wannan bene yana da harafi, daga A zuwa G. A na masu tuƙi da na'ura ne zalla, mai tuƙi da ido ba ya shiga. B, C da D sai da izinin mai kula da zirga-zirga, kuma rediyo a kunne. A cikin E mai tuƙi da ido ba ya buƙatar izini, amma manyan jirage na ratsawa. F na shawara ne. G babu mai ba ka umarni. Wasu na jin "babu umarni" sai su ɗauka babu doka. Akwai. Ma'anarsa dai babu wanda ya ɗauki alhakin raba ka da wani jirgi, idonka ne zai yi.

P, R da D

Waɗannan haruffa uku su ne suka fi kowane layi zafi a taswira. Yawanci ana zana su da layi mai gashi-gashi ta ciki, kuma sunansu yana farawa da haruffan ƙasa: DR ko DN, sai harafin, sai lamba.

P haramtaccen wuri ne, ba a shiga ko da wane dalili. Misalin da duniya ta sani shi ne P-56 a birnin Washington, bisa fadar White House da majalisa, daga ƙasa har ƙafa 18,000. R wuri ne mai sharaɗi: ana iya shiga a wasu lokuta ko da izinin wata hukuma, galibi soja. D wurin hatsari ne, kamar filin atisayen harbi. Shi a doka ba a hana ka ba, an dai gaya maka abin da ke ciki.

Kusa da kowane ɗaya akwai lokacin aikinsa. H24 dare da rana. HJ daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wani kuma an rubuta cewa sai an sanar. Duk agogon jirage na UTC ne, Nijar da Najeriya kuwa suna gaba da awa ɗaya. Wurin da aka ce yana aiki daga 0700 zuwa 1600, a agogon Maradi ƙarfe takwas na safe ne zuwa biyar na yamma. Wanda ya shiga ƙarfe huɗu da rabi yana tsammanin an tashi, ya shiga ana tsakiyar aiki.

Wani abin lura ga 'yan uwanmu da ke Amurka ko waɗanda suka koyi karatun taswira a YouTube: launi ba ɗaya ba ne ko'ina. A taswirar Amurka haramtattun wurare shuɗi ne, a ta Faransa ja ne. Kowace taswira tana da jadawalin alamominta a gefe, kuma shi ake fara karantawa. Na san ba shi da daɗin karatu. Babu wanda ya taɓa sayen taswira don ya karanta gefenta.

Abin da taswira ba za ta gaya maka ba

Taswira tsufa take yi. Ana sabunta bayanan jirage na duniya duk kwana 28 bisa tsarin AIRAC, ita kuwa ta takarda takan daɗe fiye da haka kafin a sake bugawa. Abin da ya faru jiya ko yau da safe a cikin NOTAM yake, wato gajeriyar sanarwa ga matuƙa. Rufewar 6 ga Agusta ba ta fito a kan wata taswira ba. Takunkumin da CEDEAO ta saka ranar 30 ga Yulin 2023, wanda ya haɗa da hana jiragen kasuwanci shiga da fita Nijar har zuwa 24 ga Fabrairun 2024, shi ma haka. A tsawon waɗannan watanni santimita 16 ɗin nan suna nan a takarda, a tsabtace, amma hanyar a toshe take.

Ga wani misali a maƙwabta. A watan Maris na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shawagin jirage a samaniyar jihar Zamfara. Zamfara ta yi iyaka da jihar Maradi, kuma duk wanda ya ja miƙaƙƙen layi daga Maradi zuwa Abuja zai ga yana bin gefen iyakar Katsina da Zamfara. A watan Yulin wannan shekara 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet a yankin iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya fice da laima ya tsira. Idan wuta daga ƙasa ta iya samun jirgin yaƙi, to mai Cessna da ke tafiya ƙasa-ƙasa bisa dajin Rugu ya sake lissafi, ko da babu harafin P ko R a wurin.

A ganina wannan shi ne babban bambancin tuƙi a yankinmu da tuƙi a Turai. A can yawancin hatsarin an zana shi. A nan rabinsa ne a takarda, sauran yana cikin sanarwar safiya da kuma labaran rediyo.

Sai maganar izini. Tsallake iyaka na buƙatar a shigar da takardar shirin tafiya, a kuma nemi izinin ratsawa da na sauka tun da kwanaki: ANAC a Nijar, NCAA a Najeriya. Dole kuma tashi da sauka su kasance a filin da ƙasar ta ware mai jami'an duwan da na shige da fice. Jerin waɗannan filaye yana cikin littafin AIP, na ASECNA ga Nijar, na Najeriya kuma daban. Ganin alamar fili a taswira ba ya nufin ana shiga ƙasa ta nan.

Idan aka yi kuskure fa? Ranar 9 ga Agustan 2023 CNSP ta zargi wani jirgin sojan Faransa da ya taso daga Njamena da keta samaniyar Nijar tare da yanke sadarwa, Faransa ta ce da izini ya tashi. Tsakanin gwamnatoci biyu abin ya tsaya a musayar kalamai. Ƙaramin jirgi ba shi da wannan gata. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin Koriya ta Kudu ranar 1 ga Satumban 1983, mutum 269 suka mutu, an ƙara wa yarjejeniyar Chicago sashen da ya hana amfani da makami a kan jirgin farar hula. Amma sashen ya bar wa ƙasa ikon tilasta wa jirgi sauka. Jirgin soja da ya zo gabanka ta hagu yana kaɗa fukafukai, cewa yake ka biyo shi. Matuƙi zai kaɗa nasa, ya koma mitar gaggawa ta 121.5, ya saka 7700 a na'urar da ke nuna shi ga rada, ya bi.

Hazo, da tsayin da za a bi

Mai tuƙi da ido, wanda ake rubuta wa VFR, da alamomin ƙasa yake tafiya. Daga Maradi suna da sauƙi: koren gonakin noman rani na Jiratawa, kwarin Gulbin Maradi, tafkin Madarunfa, kwaltar Ɗan Isa zuwa Jibiya, dam ɗin Jibiya. Amma sai ana ganinsu. Ƙa'idar ICAO a irin wannan tsayi ita ce gani ya kai kilomita biyar, a nisanci gajimare da mita 1,500 a gefe da mita 300 sama ko ƙasa. Duk wanda ya yi hunturu a Maradi ya san akwai ranakun Disamba da Janairu da ba a hango ƙarshen layin unguwa. A irin wannan rana taswira ta halatta, izini na hannu, tafiya kuma babu.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa. A bisa gari ko taron jama'a ba a sauka ƙasa da mita 300 sama da abu mafi tsawo da ke cikin tazarar mita 600. A daji mita 150. Wanda ya so ya zagaya fadar Sarkin Gobir a Tsibiri ranar hawan salla don a ga ya zo da jirgi, wannan dokar ta shafe shi. Turakun eriyar waya ma an saka su a taswira da lambobi biyu, ɗaya daga teku, ɗaya daga ƙasa.

Tsayin tafiya ma ba son rai ba ne. Idan an haura ƙafa 3,000 daga ƙasa, mai nufar ɓangaren gabas, daga digiri 0 zuwa 179, yana ɗaukar dubu mara da ƙarin 500: FL055, FL075. Mai nufar yamma yana ɗaukar dubu cika da 500: FL045, FL065. Katsina tana kudu maso gabashin Maradi, kusan digiri 130, don haka tafiya FL055, dawowa FL065. Hikimar ita ce kada jirage biyu su yi gaba da gaba a tsayi ɗaya.

In kai fasinja ne

Yawancin masu karanta wannan ba za su riƙe sitiyarin jirgi ba, haya za su ɗauka, ko su tura kuɗin hayar daga waje. Tambayoyin da za a yi ba su da wuya: ina lambar izinin shiga ƙasar, an duba sanarwar yau, kuma jirgin yana da lasisin ɗaukar fasinja da kuɗi? Ta ƙarshen ba wasa ba ce. A watan Afrilun 2024 NCAA ta dakatar da izinin masu jirage uku masu zaman kansu saboda suna haya da takardar da ba ta haya ba. Masu kallon ƙwallo kuma ba su manta Emiliano Sala ba, wanda ya mutu a Janairun 2019 tsakanin Nantes da Cardiff. Bincike ya nuna matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja da kuɗi, ba shi kuma da izinin tuƙin dare.

Matasan da ke tayar da duron domin ɗaukar bidiyon biki su ma suna cikin wannan taswira, ko ba su taɓa ganinta ba. Filin Maradi a bakin gari yake, kuma jirgin da ke shirin sauka yana yin ƙasa sosai a 'yan kilomitocin ƙarshe. A Disamban 2018 rahoton ganin duron ya tsayar da filin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da jirage kusan 1,000.

Wanda kuma abin ya ba sha'awa har yake son ya zama sana'arsa, makarantun ba su da nisa. EAMAC ta ASECNA a Yamai take, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya kuma an kafa ta ne a 1964.

Jirginmu dai ya tashi daga DRRM, ya bar Jiratawa a dama, ya haura FL055. Kafin layin FIR matuƙi zai yi sallama da ɓangaren Nijar, ya canja mita, ya kira ɓangaren Najeriya da sunan jirginsa, tsayinsa, inda yake da lambar izininsa. Zai nemi izinin hasumiyar Katsina kafin ya taɓa da'irarta. Bayan ya sauka saura abu ɗaya: ya tabbatar an rufe takardar shirin tafiyarsa. Idan minti 30 suka wuce bayan lokacin da ya ce zai iso ba a ji ɗuriyarsa ba, cibiya za ta shelanta matakin farko na gaggawa, a fara buga waya Maradi da Kano ana cigiyar jirgin da ke ajiye a Katsina, matuƙinsa na shan shayi.